Ranar da Na Ce Babu

Kwanakin baya wani ɗan acaba ya ɗauko ni daga Babbar Kasuwa, ya ce hanya ta cushe, bari ya yanke ta lungu. Ban yi masa musu ba, don tsoho a bayan babur ba shi da ra'ayi sai addu'a. Muna cikin kurɗawa sai na hango wata tsohuwar tsamiya da ta karkata gabas, na ce ya tsaya. Nan ne majemarmu ta dā, inda ake jeme fatu. An cike ramukan, an zuba siminti, an jera shaguna. Wannan yana sayar da waya, wancan yana cajinta, na ukun yana gyaranta in ta lalace. Na tsaya a tsakiyar wurin ina buɗa hanci, ina neman warin nan da na yi ƙuruciyata ina gudu, amma ban shaƙi komai ba sai hayaƙin janareta da ƙamshin ƙwan mai shayi. Yaron ya gaji da jira ya ce, “Baba, wani abu ka yar?” Na ce masa e, amma an daɗe. Muka hau muka tafi.

Yaran yanzu ba su san jima ba. Suna ganin takalmi a shago, a zatonsu haka Allah ya halicce shi da igiyarsa. Mu kuwa mun san tafiyar da fata take yi daga bayan akuya zuwa ƙafar mutum. Da sassafe ake kawo fatu daga mayanka, da ɗuminsu da ƙudajensu. A jiƙa su a ruwan toka har gashin ya saki, a ɗora a kan gungume a kankare da wuƙa mai mariƙi biyu. Daga nan a tsoma su a ruwan kashin tantabara don su yi laushi, kuma a nan ne warin yake kai maƙura, wari mai shiga tufa da gashin kai, har tuwo ma sai ka ji kamar ya taɓa. Sai a kai su ramin bagaruwa su kwana biyu, a shafe su da man gyaɗa, a rina na rinawa da karan dafi, a shanya. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar wurin: tabarya tana sauka a kan bagaruwa, jiƙaƙƙiyar fata tana faɗawa kan dutse, tsofaffi suna yi wa juna tsiya daga wannan rami zuwa wancan. In rana ta yi sanyi dukawa masu ɗinkin fata su zo, su murza fata a tsakanin yatsu, su kushe ta son ransu, sannan su saya.

Babana majemi ne, ubansa ma majemi ne. A ƙauyenmu yake sana'arsa, har shekarar da gona ta ƙi, dabbobi suka ƙare, ya zama babu mai yanka akuya balle a sami fata. Sai ya tattaro mu, ni da Inna da ƙannena mata biyu, muka shigo birni, muka kama ɗaki biyu a wani gida kusa da majema. Mutum ne dogo, marar yawan magana. Hannuwansa kuwa bagaruwa ta rine su tun daga farce har gwiwar hannu, rinin da ko ranar Salla ba ya fita. In Inna ta yi masa ƙorafin wari sai ya yi murmushi ya ce, “Sana'a ba ta wari, zaman banza shi ka wari.” Ni ne ɗan fari, saboda haka akwai kunya tsakaninmu irin ta mutanen dā. Bai taɓa kiran sunana ba. “Kai” yake cewa, ko ya ce da Inna, “Ina yaron nan?” Ban taɓa cin abinci a kwano ɗaya da shi ba, ban kuma taɓa zama mun yi hira ba. Amma duk da bai san ko alif na boko ba, shi ya yi ta sintiri har aka karɓe ni a ajin ƙarshe na wata firamare da ke wajen hasumiyar Gobarau, nesa da unguwarmu, don an gaya masa can ne ake karatu na gaske.

Nisan nan ya yi mini daɗi, don babu yaro ko ɗaya a ajin da ya san gidanmu. Kullum da asuba sai na daka bagaruwa turmi ɗaya, na ɗebo ruwa, sannan in shiga wanka da sabulun salo kamar mai shirin ɗaurin aure. In dirje, in ɗauraye, in sake dirjewa, in matse lemun tsami a hammata. Rigar makaranta kuwa ba ta kwana a ɗaki, a cikin tukunya nake rufe ta. Duk da haka in wani yaro ya taɓa hancinsa a aji, sai in ce warina ya ji. “Baƙo” suke kirana. Abokin zamana a benci wani yaro ne mai suna Bala, ɗan akawu, mai ƙamshin sabulun kanti da yawan kyauta.

Shekarar ce soja suka ce sun gaji, za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Gari ya cika da tutoci. Motoci masu lasifika suna yawo suna waƙoƙin jam'iyya, mu kuma muna bin su a guje ba tare da mun san wa muke goyon baya ba. Kowa yana cewa yanzu ɗan talaka zai zama wani abu. A majema ma tsofaffi sun rabu gida biyu, ana gardama ana kankarar fata. Bayan an rantsar da sababbin shugabanni da 'yan makonni, sai ga wata takarda ta iso makarantarmu daga sama.

Malaminmu na aji ne ya shigo da ita. Mutumin kirki ne, wannan dole in faɗa, don abin da zai biyo baya ba laifinsa ba ne. Siriri ne mai farar riga, yana da alƙalamin tawada da yake ji da shi, kuma yana da wata ɗabi'a: duk abin da yake rubutawa sai ya faɗe shi a fili. Abu ɗaya ne ba ya yafewa, shi ne ƙarya. Ka zo a makare ka faɗi gaskiya, ya ce ka zauna. Ka yi ƙarya, ka fita daga ransa har abada. Ya buɗe takardar ya ce sabuwar gwamnati tana so ta san mu. Gida huɗu ne a gaban sunan kowa: sana'ar mahaifi, abin da yaro yake so ya zama, mai riƙonsa in ba mahaifi ba ne, sai gida na ƙarshe wanda malami zai cike da kansa, wato makarantar da ta dace a tura yaron, sakandare ko ta koyon sana'a.

Aka fara. Bala ya miƙe ya ce babansa akawu ne a ofis, shi kuma gwamna yake so ya zama. Aka yi dariya kaɗan, Malam ya rubuta yana faɗi, “Sakandare.” Ɗan malamin asibiti, sakandare. Ɗan maƙeri ya ce direba, Malam ya ce, “Koyon sana'a.” Sai aka zo kan wani yaro da muke kira Ɗan Fawa, wanda duk ajin babu mai kama ƙafarsa a lissafi.

“Mi mahaifinka ke yi?”

“Mahauci ne, Malam.”

“Kai kuma mi kake so ka zama?”

Yaron ya ɗaga kai ya ce, “Matuƙin jirgin sama.”

Ajin ya kece da dariya. Wani daga baya ya yi kukan akuya, wani ya ce jirgin zai riƙa ɗigar da jini a kan mutane. Malam ya buga tebur aka yi shiru. Ya dubi yaron da tausayi, ba da raini ba, ya ce, “Yaro, buri ba laifi ba ne. Amma kyan ɗa ya gaji ubanshi. Fawa sana'a ce mai albarka.” Ya tsoma alƙalami ya rubuta, “Koyon sana'a.” Ɗan Fawa ya zauna, kunya ta rufe shi.

Ni kuwa tun daga nan na daina jin abin da ake faɗi. Lissafina ɗaya ne: in an yi wa mahauci kukan akuya, me za a yi wa majemi? Mahauci ai ko banza ana son abin da yake sayarwa. Na ga yara suna toshe hanci, na ga Bala yana ja da baya a benci, na ga kaina a cikin ramin bagaruwa har tsufa. Kafin layi ya zo kaina Malam ya gaji, ya taƙaita tambayar.

“Kai baƙo, mahaifinka fa?”

Na miƙe. Na ce, “Babu.”

Shekaru da yawa na yi ina gaya wa kaina cewa nufina babu wata sana'a ta a-zo-a-gani. Wataƙila da na buɗe baki hakan nake nufi, Allah ne masani. Amma kowane Bahaushe ya san in an tambaye ka mutum ka ce babu, to ka binne shi ke nan. Malam ya ajiye alƙalami a hankali ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya sa kuka baro ƙauye?” Na sunkuyar da kai. Ya ce, “Wa ke riƙonka? Baffanka?” Na ƙara sunkuyarwa. Shi ya kawo tambaya, shi ya kawo amsa, ni nawa shiru ne kawai, amma shiru ma ai magana ce. Ya ce, “Allah ya ji ƙanshi, ya sa ya huta.” Yara arba'in da wani abu suka ce amin. Ni ma na ce amin. Wannan ba kuskuren fahimta ba ne, da bakina na faɗa, ina sane da cewa a daidai lokacin babana yana tsaye cikin rami, ruwan toka yana cin ƙafafunsa.

“To mi kake so ka zama?”

“Likita.”

Babu wanda ya yi dariya. Wa zai yi wa maraya dariya? Kuma maraya ba shi da gadon da za a ɗaure shi da shi. Malam ya ja layi a gidan sana'ar mahaifi, ya rubuta yana faɗi, “Sakandare.”

Abin kunyar shi ne, maraicin ya yi mini daɗi. Bala ya fara raba ƙosansa biyu. Yaran da ba su taɓa yi mini magana ba suka riƙa kirana ƙwallo. Malamai kuwa, da yake an ce shafa kan maraya akwai lada, duk wanda ya wuce sai ya shafa, har hedimasta, har na fara tsoron kada gashina ya ƙare. Malam ya riƙa tsayar da ni bayan an tashi yana ƙara mini lissafi da Turanci don jarrabawar shiga sakandare. In na koma gida na ga Baba yana wanke ƙafa a bakin ƙofa, sai in durƙusa in gaishe shi in wuce da sauri, ba na iya kallon fuskarsa. Shi kuwa ya ɗauka kunyar ɗan fari ce.

Ranar wata Alhamis Malam ya ce da ni, “Jibi bayan la'asar zan zo gidanku. Ban yi ma baffanka gaisuwa ba, kuma akwai inda zai sa hannu.” Na shiga yi masa kwatance mai ruɗarwa, na kai shi gabas na dawo da shi yamma, na ce lungun ba ya shiguwa da keke. Ya yi dariya ya ce, “Matambayi ba ya ɓata.” Ina da kwana biyu da zan iya zuwa in durƙusa gaban ɗayansu in faɗi gaskiya. Na ɓata su wajen roƙon Allah ya sa tayar kekensa ta fashe.

Ba ta fashe ba. Asabar bayan la'asar na ji ƙararrawar keke da sallama. Baba bai daɗe da dawowa daga majema ba, ko riga bai sauya ba. Ya fita, ya ga baƙo mai farar riga, na ce masa malaminmu ne. Fuskarsa ta washe. Ya shimfiɗa tabarmar da muke ajiye wa baƙi a zaure, ya ce in kawo ruwa. Da Malam ya miƙa masa hannu, sai Baba ya goge nasa a jikin riga sau biyu kafin ya karɓa. Aka shiga gaisuwa, an wuni lafiya, ya gajiya, ya iyali, ya aiki, ya muka ji da zafi. Na dawo da kwanon ruwa na durƙusa a gefe. Sai Malam ya gyara zama, ya sassauta murya.

“Ya haƙuri kuma?”

Baba ya ce, “Da godiya,” don a garin nan kullum akwai wanda ya rasu, kuma ba a tambayar mai gaisuwa wa yake nufi.

“Wallahi ban sani ba sai kwanan nan. Yaron ne ya faɗa mani a aji cewa mahaifinshi ya rasu. Na ce bai kamata in yi shiru ba.”

Baba bai motsa ba. Ya juyo da kai a hankali ya dube ni. Tun da nake, ban taɓa haɗa ido da shi ba sai ranar. Ba fushi na gani ba, da fushi ne da na ji sauƙi. Kallo ne irin na mutumin da yake ƙirga wani abu a zuci. Ya mayar da kansa ga baƙonsa.

Malam ya ce, “Kai ne baffan nashi?”

“Ni ka riƙonshi, Malam.”

“Tun yaushe?”

“Tun shina cikin tsumma.”

“Allah Sarki! Shi marigayin mi yake yi?”

Baba ya buɗe tafukan hannunsa ya dube su. “Abin da ni ka yi, shi ya ka yi. Jima.”

Malam ya gyaɗa kai. Ya ce, “To ina roƙonka alfarma. Yaron nan yana da kai. Ya ce likita yake so ya zama, kuma na ga alama. Da mahaifinshi na raye da sai in ce ya bi gado, amma tunda Allah ya yanke haka, kada ka sa shi a rami. Amana ce a hannunka.”

“Likita ya ce?” in ji Baba. “Ba ni hana shi, in Allah ya so.”

Daga nan Malam ya ɗaga hannu ya ce a yi wa marigayi addu'a. Baba ya ɗaga nasa baƙaƙen tafukan. Malam ya roƙi Allah ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya haskaka makwancinsa, ya sa ɗan da ya bari ya zama mai yi masa addu'a. Kowace gaɓa Baba yana cewa amin, a natse, ba gaggawa. Ni ma hannuna yana sama, don ba yadda zan yi. Da aka shafa sai ya ce, “Mun gode, Malam. Mai buƙata ne.” Na sha juya maganganunsa na ranar a raina, ban sami inda ya yi ƙarya ko ɗaya ba.

Sai Malam ya fito da takardar da ɗan akwatin tawada, ya kama babban yatsan Baba ya dangwala a gidan mai riƙo. Babu abin da ya fito sai baƙin tabo, ba zane ko ɗaya, don toka ta daɗe da cinye zanen yatsunsa. Aka sake, aka kuma sakewa. Malam ya ce, “Haka nan ma ya yi.” Baba ya raka shi har bakin lungu, yana tura masa keken.

Na tsaya ina jiran duka, har ina fatansa. Ya dawo ya naɗe tabarma da kansa ya jingine, ya ce, “Kai, bagaruwar gobe ba ta daku ba.” Ya shige ciki. Inna ce ta ji komai ta bayan zana, ta fito da muciya a hannu tana kuka. Ya tare ta. Ina tsugune gaban turmi ina jin su.

“Maigida, da ranka da lafiyarka a yi maka gaisuwar mutuwa, ka ce amin?”

“To mi zan ce? In na ce ni ne, na maishe shi maƙaryaci gaban malaminshi. Wa zai kai maƙaryaci sakandare?”

“Shi ke nan sai a bar shi ya kashe ka da baki?”

“Addu'a ce anka yi mani. Ko ba yau ba, ina buƙatarta. Aje muciyar nan.”

Daga ranar bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Na ci jarrabawa, aka tura ni makarantar kwana, ni da Bala. Takardata ta bi ni, labarina ma ya bi ni. Ranar ziyara Baba yakan zo a motar haya, da ƙullin ƙuli-ƙuli da ƙanzo, wani lokaci da takalmin da ya sa baduku ya ɗinka mini da fatar da ya jeme da hannunsa. In ya iso bakin ƙofa sai ya ce da maigadi, “A ce mashi baffanshi ya zo.” Ba ni na koya masa ba, shi ya riƙe wa kansa. Bala ya rugo ya gaishe shi, ya ce, “Baffa, sannu da hanya,” ni ma in ce Baffa. Da farko a gaban mutane kaɗai nake faɗi. A hankali harshe ya saba, na fara faɗi har a gida. Maƙwabta ba su ga komai a ciki ba, don gidaje da yawa haka yara suke kiran ubansu. Inna kaɗai ce in ta ji take tashi ta bar wurin. Shi kuwa ko Baba na ce ko Baffa, amsawarsa ɗaya ce.

Kada wani ya ce ban yi niyyar neman gafara ba. Na yi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kowace Salla in mun sauko daga Idi nakan durƙusa in ce, “A yafe mana,” kamar yadda kowa yake cewa, shi kuma ya ce, “Ba ka yi mani komi ba, Allah ya yafe mamu baki ɗaya,” kamar yadda kowane uba yake cewa. Sai in tashi ina ruɗin kaina cewa an gama. Amma ni na san ba a gama ba, don laifin da ba a kira sunansa ba, ba a nemi gafararsa ba. Na ce sai na gama makaranta. Na gama, na ce sai na kama aiki. Na kama, na ce sai na gina masa gida. Na fake da kunyar ɗan fari, alhali tsoro ne kawai. 'Ya'yana yanzu sukan zauna a kan hannun kujerata su gaya mini na yi kuskure, har su yi mini dariya. Nakan yi musu faɗan rashin kunya, amma a raina ina ƙyashinsu.

Likitan ma ban zama ba. Lissafi ya kayar da ni a aji huɗu, na ƙare a ma'aikacin ofis, mai ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan har na yi ritaya. Ɗan Fawa kuwa ya gaji ubansa, ya yi arziki da shanu, ya hau jirgin sama zuwa Makka tun ni ban taɓa ganin cikinsa ba. Malam ya rasu yana alfahari da marayan da ya taimaka. Na je jana'izarsa, na tsaya a sahun baya.

Baba ya rasu da damina, bayan jinyar kwana tara, lokacin ni kaina furfura ta fara fito mini. Ina wurin, ina riƙe da hannunsa. Na ce a raina bari ya ɗan farfaɗo tukuna, kada in dame shi da tsohon zance. Bai farfaɗo ba.

Muka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Tsofaffin majema suka cika tabarma ɗaya, mutanen ofis ɗaya. Rana ta uku da hantsi wata mota ta tsaya, Bala ya fito, ya zama Alhaji, ya yi jiki. Mun yi shekaru ba mu haɗu ba. Ya tuɓe takalmi, ya ratso mutane ya zauna dab da ni. Bayan ya yi addu'a ya matso ya riƙe hannuna, ya yi ƙasa da murya, idonsa ya kawo ruwa.

“Wallahi da na ji rasuwar Baffa na kasa cin abinci. Ban taɓa ganin riƙo irin na bawan Allahn nan ba. Ya riƙe ka kamar shi ya haife ka.”

Na ce yau kam sai na faɗa, ko da ƙasa za ta tsage. Na ce, “Alhaji, ubana ne.”

Ya ƙara matse hannuna ya ce, “Ƙwarai kau. Ai baffa uba ne. Wanda ya riƙe ka shi ne ubanka.”

Na buɗe baki in ƙarasa, sai ga wasu masu gaisuwa sun yi sallama, su wajen goma. Liman ya ce a yi fatiha, hannuwa suka tashi, nawa ma ya tashi. Aka shafa. Alhaji Bala ya miƙe ya nemi takalmansa, ya ce yana da tafiya Kaduna. Tsakanina da motarsa bai fi taku ashirin ba. Ina zaune ina kallonsa ya buɗe ƙofa, ya ɗago mini hannu, ya shiga. Ban bi shi ba.